Karu da Mararaba: yadda ake tsara arzikin garin da ya zama makwancin ma'aikatan Abuja

Tun kafin gari ya waye motoci suke jeruwa a hanyar Keffi zuwa Abuja. Daga Masaka, Ado, Sabuwar Nyanya da Mararaba kowa ya fuskanci babban birni, in la'asar ta yi kuma sai layin ya juyo. Tsakanin Mararaba da tsakiyar Abuja bai kai kilomita 20 ba, amma ranar da hanya ta cushe mutum yakan share awa biyu a cikin mota. Yawanci ana kallon wannan a matsayin matsalar hanya. A gaskiya alama ce ta yadda arzikin Ƙaramar Hukumar Karu ta Jihar Nasarawa ya ginu: aikin yana can, mutanen suna nan. Shara, ruwan sha, makarantun yara, asibitin haihuwa da tsaron dare duk a wuyan Karu suke, albashin kuwa a Abuja ake biyan sa, kuma wani kaso mai yawa a can yake ƙarewa.

Ba dare ɗaya aka kai nan ba. A 1976 aka kafa dokar Babban Birnin Tarayya, gwamnati ta tare a Abuja a watan Disamban 1991, aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga Filato a 1996. Tsarin Abuja bai tanadi isassun gidaje masu sauƙin haya ba, don haka masinja, direba, malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci suka tsallaka iyaka inda fili ke da araha. Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007, lokacin da Nasir El-Rufa'i ke ministan Abuja, da hana acaba a tsakiyar birnin a 2006, sun ƙara turo jama'a. Ƙidayar 2006 ta ba Karu mutum dubu 200 da ɗoriya. Gonakin Gbagyi da ke bakin hanya a wancan lokacin yau unguwanni ne.

Tsarin bunƙasa tattalin arziki na irin wannan gari yana da tambaya ɗaya da zai amsa: ta yaya za a sa aiki da kuɗi su zauna a inda mutane suke kwana? Amsar da aka saba ji ita ce a jawo masu zuba jari. Wannan shi ne mataki na ƙarshe, ba na farko ba, kuma garin da ya fara da shi yakan tashi da takardun yarjejeniya da hotunan musabaha kawai.

A fara da ƙirge

Ba za a iya tsara wa mutanen da ba a san yawansu ba. Alƙaluman 2006 sun tsufa, kuma jiran sabuwar ƙidaya ba dabara ba ce. Akwai hanya mai araha. A ɗauki hoton sama na baya-bayan nan (hukumar NAGIS ta jihar, wadda ke kula da bayanan filaye, irin aikinta ke nan), a ƙirga rufin gine-gine unguwa-unguwa. Daga nan a zaɓi gidaje 300 zuwa 400 a kowace gunduma, a warwatse, ba na bakin titi kaɗai ba, a tura matasan unguwar su tambayi abu huɗu: mutum nawa ke kwana a gidan, nawa ne ke aiki, a ina suke aikin, nawa suke kashewa a kuɗin mota kullum. In aka ninka matsakaicin da aka samu da yawan rufin, an sami kiyasin da za a iya aiki da shi. Inda ake yin kuskure shi ne a ɗauki kowane rufi a matsayin iyali ɗaya. A Mararaba gida ɗaya mai ɗakuna goma yana iya ɗauke da iyalai takwas.

A kwatanta hoton bana da na shekara biyar baya, za a ga saurin girman. Lissafin mai sauƙi ne: a raba 70 da kason ƙaruwar shekara. Garin da ke ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari zai ninka cikin shekara 10, wanda ke ƙaruwa da kashi 5 kuma cikin shekara 14. Wannan lambar ce za ta faɗi yawan filin da ake bukatar tanada.

Ƙirge na biyu na sana'o'i ne, kuma ba a ofis ake yin sa ba. Kusan duk mai sana'a a Karu yana cikin wata ƙungiya: masu walda, kafintoci, 'yan bulo, teloli, makanikai, 'yan katako, mahauta, direbobi, masu sayar da kayan marmari a kasuwar Orange. Littafin kuɗin ƙungiya ya fi kowace rajistar gwamnati sanin wanda ke aiki. Sai dai in masu tambaya suka zo tare da jami'an haraji, kowa zai rage yawan yaran shagonsa ya ɓoye injinsa. A raba ayyukan biyu, a kuma faɗa wa mutane gaskiyar abin da za a yi da bayanan.

Fili: abin da in ya tafi ba ya dawowa

A nan ne ya kamata masu tsari su kashe mafi yawan ƙarfinsu. Kuɗin da ba a tara bana ba ana iya tara shi baɗi. Kasuwar da aka gina ba daidai ba ana iya gyara ta. Amma gonar da aka yanka fuloti-fuloti aka sayar ba tare da barin hanya ba, ta kafa siffar unguwar har jikoki.

Ga yadda abin yake faruwa. Iyali suna da gona hekta biyu. Dillali ya zo da mai awo, aka yanka ta fuloti mai ƙafa 50 a 100, wato kimanin murabba'in mita 465. Hekta ɗaya tana ɗaukar irin wannan fuloti 21 in ba a bar komai ba, in kuwa aka bar hanya da magudanar ruwa yadda ya kamata sai ta koma 14 ko 15. Bambancin fuloti shida ko bakwai a kowace hekta shi ne ribar da ke sa a matse lungu ya koma mita uku ko huɗu. Mai unguwa ya sa hannu, mai saye ya zuba yashi da bulo. Maƙwabcin gonar shi ma ya yanka tasa, amma lungunsa bai haɗu da na farkon ba. Bayan shekara goma an sami unguwar da motar kashe gobara ba ta shiga, motar kwasar shara ba ta shiga, ba inda za a bi da bututun ruwa, kuma kowa dole ya fito babban titi ko da maƙwabciyar unguwa zai je. Cunkoson hanyar Keffi ba na masu zuwa Abuja ne kaɗai ba. Har da wanda zai je Ado daga Mararaba, don babu wata hanya ta baya mai ɗaukar mota sosai.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, kuma diyyar da ta tanada ta abin da ke kan filin ce: amfanin gona, itatuwa, gini. Ke nan karɓar hanya a gonar doya abu ne mai sauƙin kuɗi, karɓar ta bayan an yi bene kuwa sai an rushe, an biya miliyoyi, an kuma yi shari'a.

Abin da ya dace shi ne a wuce gaban gini. A yankunan da har yanzu gonaki ne, wajen Uke, Gitata, Panda da Karshi, a shata manyan hanyoyi masu faɗin mita 30, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kilomita ɗaya, tsaye da kwance. A kowace murabba'in kilomita wannan yana cin hekta 6 ne kacal, kashi 6 cikin ɗari na filin, kuma babu gidan da zai yi nisan fiye da mita 500 da hanyar da bas zai bi. Biranen Habasha irin su Hawassa, Adama da Bahir Dar sun bi wannan dabarar tun wajen 2013. Ba sai an zuba kwalta yanzu ba. A kafa turakun siminti, a dasa itatuwa a gefe biyu, a bi da gireda sau ɗaya a shekara, a bar manomi ya ci gaba da shuka gyaɗa a kai har ranar da za a bukace ta. Abin da ake saye shi ne gurbin hanyar.

Wannan ba zai yiwu ba in aka mayar da masu gonaki abokan gaba. Gbagyi da sauran 'yan asalin yankin sun ga yadda aka yi da 'yan'uwansu a cikin Abuja, kuma suna da dalilin rashin yarda da duk wanda ya zo da taswira. Diyyar amfanin gona kaɗai ba adalci ba ce ga mutumin da gonar ita ce gadonsa. Hanyar da ta fi ita ce a haɗa gonakin yanki guda, a fitar da hanyoyi, makaranta, kasuwa da filin masu sana'a, sannan a mayar wa kowane iyali kasonsa a matsayin fulotai masu takardar mallaka. Wanda ya ba da hekta ɗaya ya karɓi kashi 60 ko 65 cikin ɗari nata, amma a bakin hanya kuma da takarda, ya fi wanda ya riƙe hektarsa cur a cikin lungu samun kuɗi. Sai an zauna da fadar Esu Karu (sarkin Karu), hakimai da dagatai an nuna musu wannan lissafin a fili kafin a kafa turke ko ɗaya.

Wane aiki za a bunƙasa?

Karu ba za ta ƙwace ma'aikatu da ofisoshin jakadanci daga Abuja ba. Abin da take da shi shi ne duk abin da Abuja ke bukata amma ba ta da wurin yin sa da araha: ƙofofi da tagogi, kujeru da gadaje, bulo, gyaran mota, ɗinki, wanki, burodi, sito na ajiyar kaya, da abinci. Hanyar Keffi ita ce ƙofar da doya, lemo, shinkafa da riɗi daga Binuwai da Nasarawa, da dankali da kayan lambu daga Filato, suke bi su shiga birnin. Waɗannan sana'o'in suna nan tuni, a bakin titi da ƙarƙashin wayar wuta. Tsari mai hankali su zai fara ɗagawa.

Mai walda a Mararaba abu uku ke hana shi girma: ba shi da tabbacin wurin da yake, ba shi da wuta, babbar mota ba ta iya sauke masa ƙarfe. Filin masu sana'a na hekta biyar yana warware ukun, in an yi shi daidai. A ba da haya ta shekara 10 zuwa 15 mai sabuntawa maimakon sayarwa, da sharaɗin wanda bai fara aiki cikin wata 12 ba a karɓe. In aka sayar, manyan ma'aikata ne za su saye su kewaye da katanga suna jiran farashi ya tashi. A kan wuta kuma a yi lissafi: injin walda ɗaya yana jan kVA 8 zuwa 10 (kVA ma'aunin ƙarfin wuta ne), taransifoma mai kVA 500 kuma bai kamata a ɗora mata fiye da 400 ba, wato masu walda 40 a lokaci guda sun cika ta tun ba a zo kan injin yankan katako ba. Taransifomar da ke yawan ƙonewa a unguwa sau da yawa wannan ne dalilinta. A raba layin masu injina da na gidaje, kowane shago da mitarsa. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, don haka ana iya kawo kamfanin da zai kafa sola da batura ya sayar wa filin kai tsaye da rana, lokacin da ake aikin.

Kasuwa ita ce inda gwamnatoci suka fi asarar kuɗi da kyakkyawar niyya. A gina shaguna masu kulle ɗaruruwa, a yi bikin buɗewa, bayan wata shida 'yan kasuwa suna bakin titi shagunan suna rufe. Ba taurin kai ba ne. Mai sayar da tumatir tana bin ƙafar mutane, ƙafar mutane kuma tana inda mota ke sauke su. Ba ta bukatar shago na miliyoyi, tana bukatar teburi na murabba'in mita biyu a ƙarƙashin rumfa, da za ta biya kullum ko mako-mako, da famfo da banɗaki kusa. Don haka tasha da kasuwa tare ake tsara su, fasinja ya sauka ya ratsa ta cikin rumfuna kafin ya fita. A bar wa manyan motoci wurin sauke kaya ta baya mai ƙofarsa daban. A yi rabon rumfuna da rajistar waɗanda ke bakin titin tun kafin a fara gini. In ba a yi waɗannan ba, korar 'yan kasuwa da jami'an tsaro ba ta wuce mako biyu.

Ruwa da shara lissafinsu a bayyane yake. Mutum yana bukatar aƙalla lita 50 a rana, yana kuma fitar da shara kusan rabin kilo. Ga kowane mutum dubu 100, lita miliyan 5 ke nan da tan 50 na shara kullum. Rijiyar burtsatse a kowane gida da kurar 'yan ga-ruwa ba za su riƙe garin da ke ninkawa ba, musamman inda masai ke kusa da rijiya. Filin zubar da shara da na tankunan ruwa su ma yanzu ake ware su.

Kuɗin daga ina?

Dokar harajin kuɗin shiga a Najeriya ta ce jihar da mutum yake zaune ita ke da harajin albashinsa, ba inda ofishinsa yake ba (sojoji da 'yan sanda nasu tsarin daban ne). Ma'aikacin da ke kwana a Masaka yana aiki a Garki cikin Abuja, harajinsa na Nasarawa ne. Amma in takardarsa ta wurin aiki ta nuna adireshin Abuja, can kuɗin zai tafi. A ɗauka, don misali kawai, mutum dubu 50 ne a wannan hali kuma ana cire wa kowanne naira dubu 10 a wata: naira miliyan 500 ke nan duk wata. Gyaran aikin takarda ne mai cin rai: rajistar mazauna, lambar gida, bin ma'aikatu da kamfanoni ɗaya bayan ɗaya, da zama da hukumar harajin Abuja a daidaita lissafi. A kuma rage buri kaɗan, don sabuwar dokar haraji ta 2025 ta yafe naira dubu 800 na farko na kuɗin shigar shekara, kuma yawancin mazauna Karu masu ƙaramin albashi ne.

Akwai wani abin da ba a cika faɗa ba. Wannan harajin asusun jiha yake shiga, a Lafiya. In ba a rubuta a doka cewa wani kaso zai dawo yankin da aka tara shi ba, mazaunin Mararaba ba shi da dalilin sauya adireshinsa. Ya kamata a yanke kason, a bayyana shi, a ɗaure shi da ayyuka masu suna.

Abin da ke hannun ƙaramar hukuma kai tsaye yana cikin Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, banɗakunan jama'a, kwasar shara, allunan talla, sanya wa tituna suna da gidaje lamba, da kimanta gine-gine don harajin gida. Na ƙarshen nan shi ne mafi girma kuma shi aka fi sakaci da shi. Ba sai an ɗauko masu kimanta kowane gida ba. Birnin Freetown na Saliyo ya yi amfani da hoton sama da tsarin maki a 2020: girman rufi, irin ginin, kyan hanyar da ke gabansa, kowanne da makinsa, kuma gidajen da ke rajistarsa suka kusan ninkawa. Gini dubu 100 a kan matsakaicin naira dubu 10 a shekara biliyan ɗaya ne. A shekarar farko a sa ran kashi 30 ko 40 ne za su biya. Abin da ke ɗaga wannan kason shi ne mutane su ga kwalbatin unguwarsu an gyara, da allo mai nuna nawa aka tara nawa aka kashe.

Kafin a ƙara sabon haraji kuma a share tsofaffin. Mai shago da masu rasit biyar ke ziyarta a wata, kowa da kalar rigarsa, ya riga ya biya da yawa, sai dai kaɗan ne ya isa asusu. A haɗe su takarda ɗaya a shekara, a biya ta banki ko ta waya, a hana karɓar kuɗi a hannu. Masu cin moriyar tsohon tsarin za su yi turjiya, kuma sau da yawa suna da iyayen gida a siyasa. Wannan ne wurin da ake gane ko shugabanni da gaske suke.

Wa zai riƙe tsarin?

Iko a Karu a rarrabe yake. Filin birni na gwamna ne, izinin gini na hukumar raya birane ta jiha, babbar hanya ta Gwamnatin Tarayya, wuta ta kamfanin AEDC, jawo jari na hukumar NASIDA, kasuwa da tasha na ƙaramar hukuma, kuma da an tsallaka zuwa Nyanya an shiga hurumin ministan Abuja. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ƙara wa ciyaman nauyi a kan takarda, amma bai ba shi iko da fili ba. Tsarin da ƙaramar hukuma ta rubuta ita kaɗai zai tsaya a kan kasuwa da shara. Wanda jiha ta rubuta ita kaɗai kuma ba zai san lungunan ba.

Abin da ke aiki shi ne ƙaramin ofishi guda, na mutum biyar zuwa bakwai, mai zama a Karu, wanda doka ta kafa don kada ya mutu da sauyin gwamnati, da majalisar da ke zama duk wata uku: jiha, ƙaramar hukuma, masarauta, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu sana'a, matan kasuwa, da wakilin jami'a irin Bingham da ke yankin ko ta jiha da ke Keffi don su riƙa duba alƙaluma. Takardar tsarin kada ta wuce ayyuka shida ko bakwai na shekara uku, kowanne da kuɗinsa, da layinsa a kasafin kuɗi, da sunan ofishin da zai amsa tambaya a kansa. Aikin da ba ya cikin kasafi fata ne kawai.

Ma'aunin nasara ma a zaɓe shi tun farko, ya zama abin da za a iya ƙirgawa kowace shekara: kilomita nawa na hanya aka kafa wa turaku, fuloti nawa suka sami takarda kuma cikin kwana nawa, awa nawa filin masu sana'a ya sami wuta a rana, gida nawa suka biya haraji. Sai babban cikinsu, wanda za a samu ta maimaita tambayar gida-gida duk shekara biyu: cikin ma'aikata goma da ke kwana a Karu, nawa ne ke aiki a Karu. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya cinye babban kaso na albashin ƙaramin ma'aikaci, don haka kowane mutum ɗaya da ya daina tsallaka iyaka kullum kuɗi ne da ya rage a aljihunsa, kuma a shagunan unguwarsa zai kashe shi.